Sabon Adireshin Yaya Barau

Ranar Talata, gidan waya na Cheetham Hill,
yayyafin Manchester ya jiƙa mini kafaɗa.
Na bi layi bayan wata tsohuwa mai aika wa jikanta safa,
takardar shaidar rasuwa na aljihun kwat ɗina,
ninki huɗu, kamar laya.

Matar kanta ta turo fom ta ƙarƙashin gilashi
da biro ɗaure da sarƙa,
wai kada wani ya tafi da shi.
Na ce a raina: Mai ɗauka ai ba ya duba sarƙa.

Sunan mai wasiƙa: Barau Iliyasu.
Tsohon adireshi: hawa na uku, ɗaki na tara,
inda tukunyar miyarsa ta kwana biyu a kan murhu
kafin maƙwabci ya bugo mini waya.
Sabon adireshi.
Nan biro ya cije.

Na san sabon adireshin.
Ni na sauka na karɓe shi,
ni na juya fuskarsa alƙibla,
layi na sha huɗu, dab da shinge.
Sai dai mai jar jaka ba ya shiga can,
ƙofar kuma ba ta da tsagar zura takarda.
Sai na rubuta nawa.

Ta ce, wata uku, shida, ko sha biyu?
kamar mai goro na tambayar na nawa za a ba ka.
Takaba wata huɗu ce da kwana goma,
amma ƙane ba wanda ya yanka masa kwanaki.
Na ce sha biyu.
Na biya, ta buga hatimi, ta kira na bayana.

Ba a rufa mako ba ya fara zuwa gidana,
shi da ya shekara tara bai taka ƙofata ba
tun da muka ɗaga wa juna murya
kan filin Baba na Malumfashi.
Yanzu kullum da hantsi sai in ji ya faɗo bakin ƙofa,
farin ambulan, an manna sunan titina a kan nasa.

Likitan haƙori na jiran sa ranar Alhamis.
Kamfanin wuta na bin sa fam talatin da ɗaya.
Direbobin bas na gayyatar sa walimar ritayar wani Desmond,
wai ya taho da yajin nan nasa.
Ɗakin karatu na neman littafinsu na kiwon zuma.
Zuma? Barau?
A ambulan nake koyon ɗan'uwana,
ƙwaya ƙwaya, kamar mai kala a masussuka.

A wata na biyar ta iso,
mai kan sarkin gida, ta sha hannu har ta yi laushi.
An rubuta ta yana numfashi,
ta yi ta bulayi a hanya har ciyawa ta fito a kansa.
Muryar Gwaggo Ladidi ce a hannun wani ɗan makaranta:
“Ka ce mini bayan salla za ka buga ƙofar Tanimu.
Ka buga?
Babba juji ne, Barau, fili kuwa ba ya bin kowa kushewa.”

Na zauna a kan matakala
har shayin da na dafa ya yi sanyi.
Bayan salla.
Saura kwana sha ɗaya salla ya tafi.

Jiya gidan waya suka rubuto, da sunana wannan karon:
wa'adi ya kusa, a sabunta ko a bari?
Yanzu ba ya zuwa sai jefi-jefi,
tallar tabarau, takardar zaɓe,
duniya ta fara sakin hannunsa.
Duk da haka na nemo biro.

Littafin zuman na same shi a kwali na uku.
Tara na ta hauhawa, na sani.
Ina shafi na sittin da biyu,
inda ya naɗe kusurwa,
ban iya wucewa ba tukuna.